Shaidar da ba ma bayarwa a zumunta

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare. 'Yan'uwana Musulmi da ke wannan shafi, magana ce ta cikin gidanmu ta Kirista, amma kada ku wuce, akwai inda ta shafe ku.

Ranar Lahadin da ta wuce, a zumuntar ɗalibai, aka zo lokacin shaida. Kun san yadda ake yi: mutum biyar, minti bibbiyu, amma kowa sai ya ci goma. Ta farko ta samu tallafin karatu zuwa Ingila. Na biyu an gano sakamakonsa da ya ɓata tun yana aji biyu. Na uku kawunsa ya turo masa kuɗi ana saura awa uku a rufe shafin rajista. Ana ta tafi, mai ganga yana ta aikinsa. Na juya zan yi wa abokina magana, sai na ga kujerarsa babu kowa.

A waje na same shi, gindin dogon yaro, yana ta danna wayar da ba ta ko kunne. Mutumin wajenmu ne, ni daga cikin Gwantu, shi daga wani ƙauye kusa da Fadan Karshi. Babansa yana cikin waɗanda mahara suka kashe a watan Yuni na 2014, lokacin da aka afka wa Fadan Karshi da Nandu da ƙauyukan da ke kewaye. Ya ce mini, "Ɗan'uwa, ba haushinsu nake ji ba fa. Amma duk lokacin da wani ya tashi ya ce Allah ya tsare shi don yana ƙaunarsa, sai in ce, to Baba fa? Shi me ya yi?"

Ban ba shi amsa ba, don ba ni da ita. Na sayo mana kunun aya leda biyu, muka sha, muka koma ciki lokacin baiko. Amma maganar ta kwana da ni sati guda, kuma ga abin da na tsayar a kai: yadda muke tuna amincin Allah a zumuntarmu rabi ne. Muna tuna ranar da aka yi nasara, mu share ranar da aka yi kuka. Irin wannan tunawa tana korar mutane kamar abokina waje, kuma ranar da mu ma abin ya zo kanmu, ba za ta riƙe mu ba.

Bari in fara da Ebenezer, tunda duk mun san sunan. Yana jikin shaguna, yana bayan motocin haya na hanyar Akwanga zuwa Jos, akwai coci-coci masu sunan. Labarin yana cikin 1 Sama'ila sura 7: Isra'ilawa suka ci Filistiyawa da yaƙi, annabi Sama'ila ya kafa dutse kusa da Mizfa ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako. Wannan kowa ya sani. Abin da ban taɓa ji an yi wa'azi a kai ba shi ne, ba a nan sunan ya fara fitowa a littafin ba. Ku koma sura 4. A wani wuri mai suna Ebenezer Isra'ilawa suka kafa sansani, kuma a yaƙin nan aka ragargaje su. Karon farko wajen mutum 4,000 suka mutu. Suka aika aka ɗauko Akwatin Alkawari, a tunaninsu in yana tsakiyarsu babu mai iya taɓa su. Karo na biyu mutum 30,000 suka faɗi, aka ƙwace Akwatin, 'ya'yan Eli biyu, Hofni da Finehas, suka mutu rana ɗaya. Eli ya ji labari ya faɗi daga kan kujera ya karye a wuya.

Shekara ashirin da ɗoriya ke tsakanin wannan rana da ranar da Sama'ila ya kafa dutsensa. Ku yi lissafi. Matan da mazansu suka mutu a yaƙin farko, da yawansu suna nan da rai. Yaran da suka zama marayu a lokacin su ne samarin da suka yi yaƙi na biyu. Babu yadda za a yi su ji sunan Ebenezer ba su tuna da iyayensu ba. Ni a ganina dutsen nan yana ɗauke da abu biyu, ranar da aka binne mutane da ranar da aka tsira, kuma Sama'ila bai kankare ta farkon don ta biyun ta yi kyau ba. Maraya zai iya tsayawa gaban dutsen nan bai ji an yi masa ƙarya ba. Abokina ya kasa zama a lokacin shaidarmu na minti talatin.

Akwai wani wurin da ya fi wannan wuya. Ayyukan Manzanni sura 12. Hiridus ya kama Yakubu ɗan'uwan Yahaya ya sa aka kashe shi da takobi. Ya kama Bitrus, ikkilisiya ta duƙufa da addu'a, mala'ika ya fito da shi daga kurkuku da dare. Sura ɗaya, birni ɗaya, manzanni biyu na Ubangiji ɗaya. Da a zumuntarmu ne, Bitrus za a ba makirufo, iyalin Yakubu kuma su zauna a kujerar baya suna tafi. Luka bai ɓoye ɗaya don ya ɗaga ɗaya ba, ya rubuta su a jere, kuma bai ba da dalili ba. In shi bai ba da dalili ba, ni wane ne da zan ce wa abokina na san abin da ya sa Babansa ya tafi nawa ya rage?

Wadda ta koya mini wannan ba fasto ba ce, Mama ce. Mama ba ta wuce firamare ba. Tana da wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, wanda take sa wa cikin jakar da take zuwa Zumuntar Mata da ita, tare da Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi. Yanzu na huɗu take ciki. Muna yara mun ɗauka lissafin adashi ne. Sai hutun Kirsimetin bara na zauna na karanta, da izininta. Kwanan wata take sa wa, sai layi ɗaya ko biyu. Ba ta yin wa'azi a ciki, ba ta ma cika rubuta "na gode Allah" ba. Abin da ya faru take rubutawa, da wanda ya zo.

Akwai Nuwamba 2001, lokacin rikicin Gwantu, ina ɗan shekara huɗu ban san komai ba: mun kwana a gona, ta goya ni, wata tsohuwa ta ba mu zani. Akwai shekarar da ƙanwata ta rasu da zazzaɓi tana da shekara biyu. Na zaci shafin zai zama babu komai. Ta rubuta ranar, ta rubuta cewa an kai ta asibiti a makare don babu kuɗin mashin, sannan a ƙasa ta jera matan da suka kwana da ita kwana uku da wadda ta kawo itace. Na tambaye ta, "Mama, wannan ma shaida ce?" Ta ce, "To in ban rubuta ba, da me zan tuna cewa ban haukace ba?"

Akwai kuma wani suna da ya yi ta dawowa a littafi na biyu: Alhaji mai shago, na bakin kasuwa. Masara mudu biyar, bashi. Kuɗin jarrabawar yayana, bashi, a biya bayan girbi. Wata shekara doya ba ta yi ba, ya ce a bar shi sai baɗi. Ni kuwa na girma ina jin labarin abin da "suka" yi mana, ban taɓa jin wani ya tashi a coci ya ce Allah ya ciyar da gidansa ta hannun Bahaushe Musulmi ba. Ba don bai faru ba. Ya faru a gidaje da yawa, kun sani na sani. Kawai ba ya shiga irin labarin da muka saba bayarwa ne.

Nan ne nake so mu duba kanmu, mu 'yan Kudancin Kaduna. Ba mu da matsalar mantuwa. Mun iya tuna kwanan wata fiye da malaman tarihi. Maris 1987, rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Zangon Kataf, 1992. Afrilu 2011 bayan zaɓe, lokacin da kasuwar Kafanchan ta ƙone. Goska, jajibirin Kirsimeti na 2016, da watannin da manyan makarantun yankin Kafanchan suka yi a rufe a 2017, ɗalibai suna zaune a gida. Yaro ɗan aji ɗaya wanda ba a haife shi ba a 1992 zai ba ka labarin kamar yana wurin. Ban ce a manta da waɗannan ba, Allah ya kiyaye. Wanda ya ce ka manta da jinin ɗan'uwanka don a zauna lafiya, ba zaman lafiya yake nema ba, shirunka yake nema. Kuma abokanmu Musulmi na Kafanchan da Zonkwa suna da nasu kwanakin watan da nasu kaburbura, 2011 ba ta bar kowa ba.

Tambayata ita ce, in ƙwaƙwalwarmu tana da ƙarfin riƙe wanda ya ƙona gida, me ya sa ba ta riƙe wanda ya buɗe ƙofa? A watan Yuni na 2018, a Nghar da ke Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye Kirista sama da 200 a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana mahara shiga. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Sau nawa kuka ji an ambace shi a addu'ar godiya a zumunta? In mun yarda Allah ne ya ceci mutanen nan, to ta hannun wa ya cece su? Ba za mu yi godiya don ruwa mu ƙi kallon tulun ba.

Littafin Ƙidaya sura 11 ya nuna yadda ƙwaƙwalwa take zaɓe. Mutanen da aka fitar daga bauta suna cikin jeji, suka fara kuka suna tuna abincin Masar, kifi da kankana da albasa da tafarnuwa. Sun tuna da albasa dalla-dalla. Bulalar shugabannin gandu da jariransu maza da aka ce a jefa a kogi, babu wanda ya ambata. Ba ƙarya suka yi ba, akwai albasa a Masar. Zaɓe suka yi, kuma zaɓen ya kusa mayar da su bauta. Mu ma muna zaɓe, ta fuska biyu: a cikin coci mu zaɓi daɗi kaɗai, a waje mu zaɓi ɗaci kaɗai. Littafin Mama ne kawai wurin da na ga an haɗa su a shafi ɗaya.

To, me ya haɗa wannan da rayuwar makaranta? Bari in tona kaina.

Babi na uku na bincikena yana kan teburin wani malami wata biyar ke nan. Ba gyara, ba ko "na gani". Duk wanda ya yi digiri na biyu ya san abin da wannan yake nufi: wani zangon kuɗin makaranta, wani kuɗin haya, ga kuɗin mota da ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023. Wani ɗan ajinmu ya ja ni gefe ya ce, "Kai ma dai ka cika taurin kai. A ga mutum mana." Ya faɗa mini nawa ake sa wa a ambulan da wanda ake bi ta wajensa. Ba zan yi muku ƙarya ba, na cire kuɗin. Sun kwana biyu a cikin jakata. Na riga na shirya yadda zan kira abin a raina, "godiya" ce, ba cin hanci ba.

Abin da ya tsayar da ni ba wani mafarki ba ne. Hoton shafukan littafin Mama ne da na ɗauka a waya. Na buɗe na 2022. Kun tuna yajin aikin ASUU, 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif, bayan na 2020 da ya ci wata tara. Ina shekarar ƙarshe a lokacin. Na tabbata a raina cewa karatuna ya mutu, har na fara maganar tafiya Abuja aikin gini. Mama ta rubuta: ya dawo gida, ba ya cin abinci, ba ya magana. Bayan wasu shafuka: ya samu koyarwa a makarantar kuɗi. Bayan wasu: an koma. Sannan wata rana, layi ɗaya: ya gama. Na zauna ina kallon yadda tsoron da ya kusa haɗiye ni ya koma layi huɗu da biro shuɗi. Sai na gane tsoron da nake ji yanzu ɗan'uwan wancan ne, murya ɗaya, magana ɗaya: in ba ka yi wani abu da hannunka yau ba, ka ƙare. Wancan karon ƙarya ya yi mini.

A Markus sura 8 akwai irin wannan. Almajirai suna cikin jirgi da burodi guda ɗaya, hankalinsu ya tashi. Yesu bai yi musu doguwar koyarwa ba, lissafi ya tambaye su: ranar mutum 5,000 kwando nawa kuka kwashe, ranar mutum 4,000 fa? Suka amsa daidai, goma sha biyu da bakwai. Ka ga ba mantawa suka yi ba. Lambobin suna kansu, amma ba su taɓa haɗa su da burodin da ke gabansu ba. Haka nake. Na san labarin 2022, na ma taɓa bayar da shi a zumunta aka yi mini tafi. Amma da ambulan ya shiga jakata, labarin yana can wani ɗaki, tsoro yana wani.

Na mayar da kuɗin asusu. Kuma ga inda shaidata ba za ta samu tafi ba: babin yana nan kan teburin har yau. Wanda ya ba ni shawarar ya riga ya kare bincikensa a sashe. Na rubuta wa mai kula da karatun manyan digiri takarda, cikin ladabi, da kwanan watan da na miƙa aikin, ina jira. Wataƙila in ƙara zango guda. Tunawa da amincin Allah ba ta motsa fayil ɗina ba. Abin da ta yi shi ne ta hana ni sayen abin da zan ji kunyar Mama ta rubuta.

Na san wani zai ce, "Wannan ai kashe wa mutane gwiwa ne. Mutane suna zuwa zumunta da nauyi, suna so su ji abin da zai ɗaga su." Na ji, kuma ban ce wadda ta samu tallafin Ingila ta yi shiru ba. Ta faɗa, mu yi rawa da ita, ni ma na yi. Cikin kutare goma da aka warkar a Luka 17, ɗayan da ya dawo godiya shi aka yaba, kuma Basamariye ne, bare. Amma ku duba littafin da muke riƙe da shi. Maganar amincin Allah da muka fi so, wadda muke rerawa kullum, tana tsakiyar littafin Makoki ne, sura 3, littafin da aka rubuta a kan kangon Urushalima bayan Babila ta rushe ta. Zabura 88 ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, babu juyi a ƙarshe, kuma aka bar ta a littafin sujada. In akwai wa mai irin wannan addu'a wuri a Zabura, ya kamata a samu minti biyu dominsa a tsarin sujadarmu. Ɗalibin da ya faɗi kwas karo na biyu, ko wadda aka sace yayanta a hanya har yau shiru, wace shaida ce za ta fi riƙe su? Ta wanda komai ya yi masa daidai, ko ta wanda zai ce, "Nawa bai yi ba tukuna, amma ga wanda ya raba abincinsa da ni wannan sati"?

Wani abu kuma, tunawa a Littafi Mai Tsarki bashi take ɗorawa. A Maimaitawar Shari'a sura 24 an ce wa Isra'ilawa in sun yi girbi kada su koma kala, su bar wa baƙo da maraya da gwauruwa, kuma dalilin da aka ba su shi ne su ma sun yi bauta a Masar. Mu 'yan digiri na biyu mu ji wannan da kyau, musamman waɗanda aka fara ba su aji ko takardun jarrabawa su duba. Shekara uku da suka wuce kai ne kake tsaye a ƙofar ofis tun safe. Yau ɗan aji ɗaya ya gaishe ka, ka kalle shi kamar ya taka maka ƙafa. Wanda ya tashi ranar Lahadi ya ce Allah ya fitar da shi daga hannun mugun malami, ranar Litinin kuma ya riƙe takardar wani sati uku, mai shayarwar Fir'auna ne, wanda ya fita kurkuku ya manta da Yusufu shekara biyu. Ni ma an kama ni da wannan: wata ƙanwa daga Sanga ta turo mini tambaya kan rajista tun farkon zango, sai da na zauna rubuta wannan na tuna ban amsa ba. Na amsa ɗazu, da ban haƙuri.

Na kai wa shugabannin zumuntarmu shawara ɗaya, ƙarama: cikin mutum biyar na lokacin shaida, a bar gurbi ɗaya ga wanda har yanzu yana jira, kuma duk mai ba da shaida ya faɗi ta hannun wa taimakon ya zo, ko wane ne shi, ko wane addini yake yi. Sakatare ya ce za su duba a taron kwamiti. Wata 'yar'uwa ta ce tana tsoron abin zai koma zaman makoki. Zai iya, in ba a kula ba. Na ce a gwada wata ɗaya.

Abokina kuma na tura masa hoton shafi ɗaya daga littafin Mama, na Yunin 2014. Ta rubuta cewa mutanen ƙauyuka sun cika makarantar firamare, Zumuntar Mata sun dafa tuwo tukunya shida, ba ta san sunayen yaran ba. Ya yi kwana biyu bai ce komai ba. Jiya da dare ya rubuto cewa yana jin yana cikin yaran, don ya tuna tuwon masara da miyar karkashi a wani aji mai fasasshen allo. Ya ce in tambayi Mama ko tana da sauran littafin da ba a fara rubutu a ciki ba. Na ce masa ana sayarwa a shagon bakin ƙofar makaranta, ni zan saya, shi ya kawo biro.